Hanyar da Na Share a Lanham

Tun da na dawo daga Amurka kunnena bai huta ba. Mata su shigo barka da zuwa, su karɓi tsarabarsu, su gyara zama su ce, "To Hajiya Asabe, yaya ƙasar take?" In ce lafiya lau. Su ce ai ba haka ake ba da labari ba. Waɗanda muka yi aikin rigakafi tare kafin mu yi ritaya sun fi kowa naci. Wai na dawo da wani shiru da ban tafi da shi ba, maƙwabta kuma sun lura an daina jin ƙarar tsintsiyata da duku-duku, sai gari ya waye tangaram. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, wadda ta sake tambaya in miƙa mata takarda in huta.

Wankan jego ne ya kai ni. 'Yata Rabi ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune da mijinta Injiniya Sani a wani gari da ake kira Lanham, a gefen Washington. Da ta yi haihuwa ta biyu ta ce lallai in zo. Na haɗa kaya irin na uwar maijego: kanwa, yaji, kuka, daddawa, kilishi, turaren wuta, da wani ƙunshin zoborodo da ƙanena ya aiko mini daga gonarsa ta wajen Gumel. Na ɗora sabuwar tsintsiyar kwakwa a kai. Rabi ta ce mini a waya, "Inna, don Allah kada ki ɗauko tsintsiya, muna da injin shara." Na ce to. Na ɗauko abata.

Tafiyar jirgi ba ni da abin faɗa a kanta sai kumburin ƙafa, da wata shinkafa da aka ba mu wadda gishiri bai san da zamanta ba. Mun sauka Addis Ababa mun canja jirgi, daga nan kuma muka yi ta tafiya rana ta ƙi faɗuwa, har na rasa sallar da ake ciki na rama su duka a zaune. Abin dariya sai da muka sauka. Ina tsaye ina jiran jakata, wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabanta kamar tasa. Ina da alwala, na yi tsalle gefe, ashe ma'aikaci ne shi ma. Aka kai ni wani ɗaki aka zazzage kayana. Kilishi ya tafi, ko waiwaye ban samu na yi masa ba. Wata Baturiya ta ɗaga tsintsiya ta tambaye ni ko ci ake yi, na karɓa na share mata gaban teburinta, ta yi dariya ta mayar mini. Zoborodon kuwa wani gajeren ma'aikaci mai gashin baki ne ya ɗiba ya shinshina, ya ce, "Hamaika!" wai sunansa ke nan a wajensu. Ya ce iyayensa mutanen Meziko ne, su ma suna jiƙa shi su sha. Ya ɗaure mini bakin ledar da kansa.

Unguwar su Rabi gidaje ne a manne da juna, fenti ɗaya, taga ɗaya, ƙofa ɗaya. Kowane gida biyu suna tarayya a dakali ɗaya, da 'yar siririyar hanya ta siminti da ta tashi daga dakalin zuwa bakin titi. Makon farko na fita miƙe ƙafa, na dawo na yi ta cusa mabuɗi a ƙofar wasu mutane har karensu ya kusa haukacewa. Sai Injiniya ne ya zo ya same ni a layi na gaba ina zaune a dakalin da ba namu ba. Abin da ya fi damuna shi ne shirun wurin. Ba akuya, ba mai talla, ba ladan, kiran salla ma daga waya yake fitowa. Ga motoci a ƙofar kowane gida, amma sai ka wuni ba ka ga wanda ya shige su ba. Jikata Nana, babbar 'yar Rabi mai shekara bakwai, tana jin Hausa sarai, amma ko "sannu" ka ce mata da Turanci za ta amsa.

Wankan jegon ma da rigima aka yi shi. Ba itace, ba tukunya, ba ganye, ruwan zafi daga famfo, maijegon kuma tana yi mini gardamar asibiti, ni da na yi aikin lafiya kafin a haife ta. Ranar da na kunna turaren wuta, wani abu mai gano hayaƙi a silin ya kama ihu kamar ana yanka shi. Jariri ya tsala kuka, Rabi ta fito a guje, ni kuma na yi waje da kasko a hannu. A nan na ci karo da maƙwabciyarmu ta dakali ɗaya. Gajeriyar tsohuwa ce mai kitso biyu na furfura har gadon baya. Ta sunkuya ta shaƙi hayaƙin, ta lumshe ido, ta shiga gida ta fito da nata kaskon da wani farin ƙaro a ciki. Ta nuna silin ɗinta ta toshe kunne. Muka yi ta dariya ba wadda ta san sunan wata.

Sunanta Lupe. Tana zaune da 'yarta Elena, mai aiki a asibitin haƙori. Turancin Lupe guntu-guntu ne, nawa kuma na aikin gwamnati ne, amma mun fahimci juna fiye da yadda nake fahimtar Nana. Ta kawo mini wani abu kamar alale, na masara, a naɗe cikin ɓawon masara. Na tambayi man da aka sa, ta ce ta san ba ma cin alade, nawa da man gyaɗa ta yi shi daban. Na cika baki na ce mu Hausawa yaji ba ya ba mu tsoro, ta ɗiga mini wata koriyar miya, na yi hawaye har da majina.

Lokacin kaka ne a can, bishiyoyi suna ta zubar da ganye, ruwan ɗorawa da ja. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗauki tsintsiyata in share dakali da hanya har bakin titi, ɓangarenmu da na Lupe duka, don ban ga yadda za a yi mutum ya share rabin ƙofa ya bar rabi ba. Injiniya ya ce akwai masu zuwa da inji su hure ganyen. Na ce su zo su tarar da aiki ya ƙare. Lupe kuwa abin ya yi mata daɗi. Ta ce mahaifiyarta haka take yi tun kafin fitowar rana, kuma a wajen kakanninsu na dā shara ibada ce.

Daga nan ne ta ba ni labarin uwar. Ta rasu da daminar bana a ƙauyensu, can cikin duwatsun Meziko. Lupe ba ta je jana'iza ba, domin irin zaman da take yi a Amurka, in ta fita ba za ta iya komowa ba. A waya ta ga an rufe akwatin. Ta ce tsohuwar ba ta taɓa barin ƙauyen ba, Sifaniyanci ma da ake yi a ƙasar ba ta ji sosai, sai harshensu na asali da ake kira Nawatil. Ta ce, "In wata ya ƙare za ta zo." Na ɗauka Turancin ne ya kuɓuce mata. Ta sake faɗa a hankali. A al'adarsu, wai matattu suna kawo ziyara sau ɗaya a shekara, a farkon Nuwamba, kuma zuwan farko bayan mutuwa shi ne mai wuya, in mamaci ya ɓata hanya a wannan karon shi ke nan. Ta dubi layin gidajen nan masu kama ɗaya ta ce, "Ke mai rai kin ɓata. Ina ga ita?" Na yi salati a zuciyata, na ce mata Allah ya ba ta haƙuri.

Wata Asabar Elena ta ce za ta kai mu Washington mu sha iska. Muka shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, muka fito ta wata matattakala mai tafiya da kanta, na riƙe hannun Lupe ita ma ta riƙe nawa, makauniya ta ja makauniya. Elena ta kai mu wani gidan tarihi inda aka ajiye kayan mutanen ƙasarsu na dā, waɗanda duniya ta sani da Aztek. Ɗakin ba haske sosai, ga sanyi, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki.

Elena tana karanta bayanin da aka liƙa, uwarta tana gyara mata. Ga abin da na riƙe. Shekara ɗari biyar da suka wuce mutanen nan suna da birni a tsakiyar tafki, an gina hanyoyi a kan ruwa, ana shiga unguwanni da kwalekwale, da kasuwar da baƙin da suka gan ta suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Sai ga Sifaniyawa sun sauka a bakin teku, 'yan ɗaruruwa, da dawakai da bindigogi da sulke da karnuka, suna neman zinariya. Mutanen ƙasar ba su taɓa ganin doki ba. Sarkinsu ya karɓi baƙin, ya sauke su a gidan mahaifinsa, ya ciyar da su. Baƙin suka kama shi a cikin garinsa suka tsare. Ana tsakiyar wani biki suka rufe ƙofofin fili suka karkashe masu rawa, waɗanda ko sanda ba su riƙe ba. Gari ya tashi, aka kore su, sarkin kuma ya mutu a cikin rikicin.

Ni ba na iya riƙe tambaya. Na nuna wata wuƙa ta dutse a cikin gilashi na ce, "Amma an rubuta a nan suna yanka mutane don gumakansu." Elena ta ɗan ji kunya. Lupe ba ta ji ba. Ta ce gaskiya ne, suna yi, suna kuma tatsar haraji daga garuruwan da suka ci, shi ya sa da yawa suka bi bayan baƙin don su huce haushi. Ta ce, "Sun ɗauka za su yi amfani da baƙo su kori azzalumi, sannan baƙo ya tafi gida." Na tuna labaran da kakana yake ba mu na zuwan Nasara, na ce mata mu ma mun san irin wannan lissafin. Sai dai mu an bar mana harshenmu da sallarmu da sunayenmu. Su kuwa, da baƙin suka dawo suka yi wa birnin ƙawanya, suka datse ruwan sha, suka rushe shi gida-gida. Da duwatsun ɗakin bautarsu aka gina coci, aka ƙone littattafansu, aka raba wa mutane sababbin sunaye, tafkin ma daga baya aka janye shi. Lupe ta ce sunan da take amsawa na Sifaniyawa ne, na kakanninta ba wanda ya san shi.

Sai muka zo kan wani zane ƙarami, wanda 'yan ƙasar suka yi da hannunsu. Mutane ne kwance a kan tabarmi, jikinsu duk ɗigo-ɗigo, wata mace tana durƙushe a kan ɗaya. Ban jira Elena ba. Na ce, "Agana ce." Ta ce haka ne, da jiragen baƙin ta zo, mutanen ƙasar ba su taɓa saninta ba, ta shiga birnin kafin ƙawanyar, ta kashe fiye da abin da takobi ya kashe, har da sabon sarkin. Gidaje sukan mutu gaba ɗaya, ba mai ɗebo ruwa, ba mai binnewa. Lupe ta ce shi ya sa a gidansu, in an jera wa matattu abinci, ana ajiye kwano ɗaya ba hoto ba suna, na waɗanda ba su bar mai kiran sunansu ba. Ta naɗe hannun rigarta ta nuna mini tabon lamba a damtsenta. Na ɗaga mayafina na nuna mata nawa. Iri ɗaya ne sak.

Akwai abin da ban gaya mata ba. Ina ƙarama agana ta shigo ƙauyenmu, kafin masu lamba su iso. Aka kafa bukkoki a bayan gari ana kai masu ciwon. Yayata Jummai, wadda ta girme ni da kaɗan, tana ciki. Yarinya ce mai ɗingishi, kurkunu ya taɓa mata dunduniyar hagu, da kan yatsu take takawa. Aka ɗauke ta da safe, ba ta dawo ba, ba a nuna mana kabari ba. Innarmu ba ta sake kiran sunanta ba har ta koma ga Allah, mu ma muka bi ta a haka. Ko Rabi ba ta san na taɓa yin wata yaya ba. A bakin ƙofar fita akwai wani madubi na baƙin dutse da aka goge har yana sheƙi. Na leƙa, na ga fuskata a dushe kamar a cikin rijiya, da wata gajeriyar inuwa a bayan kafaɗata. Na juya da sauri. Lupe ce, tana neman hanyar banɗaki.

Ƙarshen wata ya zo da wani biki na Amurkawa da har yau ban gane kansa ba. Mutanen da ba sa gaisawa suka rataye ƙwarangwal na roba a bishiyoyi, suka kafa kaburburan ƙarya a ƙofar gida, suka fafe kabewa suka yi mata haƙora. Da magariba yara suka fito cikin shigar dodanni suna bi gida-gida ana ba su alewa. Na ce wa Rabi mutanen da suka mayar da kabari abin wasa ba su taɓa wanke gawa ba. Na ja labule na shige ɗaki tun kafin isha'i, ban sake leƙowa ba.

Da asuba na fito da tsintsiyata kamar kullum. Akwai hazo, fitilar titi ɗaya ce ke ci. Hanyar ta cika da ledojin alewa da ganye, ganyen ma ya fi na kullum yawa, wasu ƙanana-ƙanana masu laushi. Na lura sun yi layi tun daga ƙofar Lupe har bakin titi, na ce iska ce ta tara su, ko aikin yaran jiya. Na ji wani ƙanshi mai ɗaci yana tashi a ƙarƙashin tsintsiya, ban kawo komai a raina ba. Na share tas, na kwashe na zuba a durom ɗin shara, har ina yaba wa kaina. Ina shan shayi na ji motar kwasar shara ta zo ta wuce.

Ba ihu Lupe ta yi ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Na ji wani sauti ne siriri daga waje, na buɗe ƙofa na same ta a tsaye ba takalmi, tana kallon simintin da na goge, tana magana da harshen da ba Sifaniyanci ba. Elena ta fito cikin kayan aiki, ta duba, ta dafe kai. Ita ta yi mini bayani. Ba ganye ba ne, fure ne, wani ruwan ɗorawa mai ƙarfin ƙanshi da suke kira sempasucil. Jiya bayan yara sun watse, uwarta ta zauna ta tsinke shi ɗaya-ɗaya, ta shimfiɗa hanya daga titi har gaban teburin da ta jera hoton tsohuwa da kyandir da abinci. Launin da ƙanshin su ne mamaci yake bi. Matattun yara ne ke fara zuwa, manya kuma yau da yamma ake sa ransu.

Na durƙusa a gabanta, ni da ban tuna ranar da na durƙusa wa wani ba. Ta ɗago ni, ta ce, "Ba ki sani ba." Sannan ta ce, "Za ta zo ta ga ƙofofi duk iri ɗaya. Ba ta iya tambaya ba, ba mai jin ta." Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na shiga na sami Injiniya yana shirin fita, na ce ya ajiye jakar nan ya ɗauko mota. Ya saurare ni da ladabi, ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, wannan fa ba namu ba ne. Kada mu sa hannu a abin da..." Na ce, "Ban ce na yarda ba, ɗan nan. Na san mamaci yana barzahu, ba ya yawo a Maryland. Amma kayan maƙwabciya na ɓata da hannuna, kuma haƙƙin maƙwabci namu ne." Rabi ta ce daga ɗaki, "Abban Nana, ka kai ta kawai, ba za ta bari ka sha ruwa ba."

Muka ɗauki Lupe muka bi shagunan mutanensu, Landover, da wasu unguwanni da ban riƙe sunansu ba. Ko'ina bokitai ne babu komai sai koren ruwa. Furen na lokaci ne, kowa ya saye nasa tun jiya da shekaranjiya. Wata mai shago ta tausaya ta ciro mana wasu 'yan dami da suka yi yaushi daga ƙarƙashin kanta. Lupe ta rungume su a mota. Da muka dawo ta tsinke su, ta shimfiɗa daga tebur, ta fito falo, ta ƙetare ƙofa, ta sauko dakali. A matakala ta ƙarshe suka ƙare. Tsakaninta da titi siminti ne fari fat, wanda na share da kyau. Rana ta riga ta karkata. Ta zauna a wurin da furen ya tsaya, hannunta a cinya.

Ban san abin da ya tuna mini da mai gashin bakin nan na filin jirgi ba. Na shiga na jawo ƙunshin zoborodon, na ajiye a gabanta na kwance. Na ce, "Kyauta ce daga gonar ƙanena. Abin da kika yi da shi naki ne." Ta ɗiba ta shinshina. Ta daɗe a haka. Ta ce, "Hamaika." Ta ce uwarta ita take sayar da ruwansa a kasuwar ƙauye ranar Lahadi, hannunta kullum ja. Ta ce, "Wannan ko a makance ta san shi." Ta tashi ta fara zubawa daga inda ruwan ɗorawa ya tsaya, ja mai duhu, siririn layi har bakin kwalta, tana tafiya da baya tana kiran uwarta a hankali da harshensu. Ni ban taya ta ba. Na tsaya a ƙofarmu na riƙe mata ledar, da magariba ta yi na shiga na yi sallata.

Washegari na idar da asuba na zauna a kan darduma har haske ya shigo ta labule, sannan na buɗe ƙofa. An yi yayyafi. Zoborodon ya jiƙe ya saki jininsa, hanyar ta zama ja tun daga titi. Lupe tana zaune a dakali ta lulluɓa da bargo, fuskarta a sake kamar wadda ta sauke kaya. Ta ce, "Ta zo." Ta nuna ƙasa. Sawu ne a kan simintin, na ƙafa ba takalmi, gajere mai faɗi, ya fito daga cikin jan ya hau matakala ya shiga ƙofarta. Na ce a raina ai ita ma jiya ba takalmi na gan ta, tsohuwa ce mai baƙin ciki, wa ya san sau nawa ta fito. Na ce mata na yi murna da hankalinta ya kwanta, kuma har zuciyata na yi.

Sai ta kama gefen zanena ta ce, "Wannan kuma ba namu ba ne."

A gefen babban sawun akwai wani ƙarami, na yaro. Ya biyo shi tun daga titi, ya hau matakala tare da shi. A kan dakali suka rabu. Babban ya yi dama, ƙaramin ya yi hagu, ya tsaya a bakin ƙofar Rabi, daidai inda nake tsaye. Ƙafar dama ta fito duka. Ta hagu yatsu ne kawai, ba dunduniya.

Na koma ciki na hau sama, na yaye bargon Nana. Tana barci da safa a ƙafa, na cire, tafin fari tas, kuma ya fi wancan girma. Na sauko ina gaya wa kaina unguwar cike take da yara, kuma yaro in yana gudu da kan yatsu yake takawa. Har yau abin da nake gaya wa kaina ke nan, kuma na yi istigfari a kan sauran abin da zuciyata ta raya.

Lupe tana nan inda na bar ta. Ta ce ranar yara jiya ce, wannan ta makara, da alama daga nesa take, ta ga tsohuwa ta biyo ta. Ta ce tun asuba ta duba kwanon marasa suna, ta ƙara masa alewa ko da za a buƙata. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wa kike da shi ƙarami?"

Na buɗe baki in ce babu. Abin da ya fito shi ne, "Jummai." Shekara sittin da wani abu ban ji sunanta a bakin kowa ba, sai ga shi a nawa, a ƙofar gidan mutane, a ƙasar da ba ta taɓa jin labarinta ba. Lupe ta maimaita shi, ta karkace shi, ta sake gwadawa har ya zauna. Rabi ta fito da jariri a kafaɗa ta same ni ina kuka, ta ce, "Inna, wace ce Jummai?" Na ce ta ɗauko kujera.

Da na dawo gida na je ƙauyenmu na nemi wurin bukkokin. Shaguna ne yanzu da wurin wankin mota. Na tsaya a gefen titi na yi mata addu'a da sunanta, na sa aka yi waina aka raba wa yara sadaka. Tsintsiyar kuwa tana can Lanham a bayan ƙofa. Rabi ta ce ruwan sama ya wanke hanyar tuntuni, sai ɗan jan da ya kama simintin dakali a bakin ƙofarta, ta tambaye ni ko ta sa sabulu ta goge. Na ce ta bar shi.